Me Ke Huda Mana Tufafi? Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙananan Ɓula a Kayan Sawa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matan gida, masu wanki da guga, 'yan makarantar kwana, da magidantan da suka gaji da ganin rigar da ba ta shekara ba ta fara ɓulewa. An sa wa kowace tambaya lamba don a iya komawa daga wata zuwa wata. Mai sauri ya fara da ta 1, domin sauran duk a kanta suka dogara.

1. Ta yaya zan gane abin da ya huda mini riga?

Kafin ka nemi allura, ɗaga rigar ta fuskanci haske ka duba abu biyu: inda hudar take, da yadda bakinta yake. Idan ƙofofin sun taru wuri guda a gaban riga daidai ƙugu, gogayya ce, sai ka duba tambaya ta 2. Idan sun jeru suna bin layin ɗinki, allurar tela ce, bayaninta na ta 10. Idan bakin hudar ya yi ruwan ƙasa ko ya ƙandare, wuta ce, ta 7 ke nan. Idan wurin ya koɗe ko launinsa ya juya kafin ya ɓule, sinadari ne ya ci zaren, ka karanta ta 8 da ta 9. In kuwa a warwatse suke babu tsari, a jikin kayan da suka daɗe a ninke cikin akwati, musamman inda miya ko gumi ya taɓa, to ƙwari ne, amsarsu na ta 3 da ta 4.

Na dage kan wannan ne saboda mutane da yawa da sun ga ɓula sai su ce asu ne, su sayo kafur su zuba a sif, alhali bel ɗin da ke ƙugunsu ne ke ɓarnar. Duk wanda ya ɗinke huda bai gano sanadinta ba, sabuwar rigarsa ma sahun tsohuwar za ta bi.

2. Me ya sa ti-shat ɗina duk wuri ɗaya suke hujewa, a gaba daidai ƙugu?

Babu ruwan ƙwaro a nan, ɗan uwa. A daidai wurin ne maɓallin ƙarfe na wandon jins da kan bel suke. Duk lokacin da ka jingina da kantar shago ko teburin ofis, ko ka sunkuya kan injin mota, ko ka tallafo kwali da cikinka, rigar na matsewa tsakanin ƙarfe ta ciki da abu mai tauri ta waje. Bel ɗin kujerar mota ma na ƙara nasa. Zaren wuri ɗaya ne ke shan wahala kullum har ya tsinke.

Yadin ti-shat da singileti kuma ba irin saƙar shadda ko atamfa ba ne, inda zaren tsaye da na kwance ke riƙe juna. Shi zare ne aka sarƙafa madauki cikin madauki. Da ɗaya ya tsinke sai na kusa da shi su saki, wanki na gaba ya buɗe wurin. Shi ya sa ake yawan ɗora wa mai wanki laifin da ba nasa ba, alhali tun rigar na jiki aka yi ɓarnar.

Ka riƙa yin zanzaro lokacin aiki. Ka shafa yatsa a kan bel ɗinka, in ka ji kaifi ka goge shi ko ka canza. Wajen saye kuma ka lura da kaurin yadi. Masana'antu na auna shi da giram a kowace murabba'in mita: na 120 zuwa 140 siriri ne, na 180 zuwa sama ya fi jure gogayya. A kasuwa ba ka buƙatar ma'auni, sa hannunka cikin rigar ka ɗaga ta, in kana hango yatsunka sarai ba za ta yi ƙarko ba.

3. Shin asu na cin kowane irin yadi?

A'a. Abincin asu shi ne abin da ya fito daga jikin dabba: ulu, siliki, gashi, fata. Don haka kayan da ya kamata a ji wa tsoro su ne alkyabba, hular dara, kwat, suwaitar ulu, bargo da dardumar ulu, da tsofaffin rigunan gado masu aikin zaren tsamiya. Auduga zalla da yadin roba ba ya kula su, sai in an gauraya su da ulu ko sun yi dattin gumi da abinci.

Wanda ake gani yana tashi ma ba shi ke ci ba, ba ya cin komai. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, mai launin ruwan zinariya, kuma gudun haske yake yi, saboda haka ba shi ne mai zagaya ƙwan lantarki da dare ba. Macen na saka ƙwai 40 zuwa 50 a lungun yadi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10 idan akwai ɗumi. Farar tsutsar da ta fito ita ce mai ɓarna, kuma tana iya ci gaba da ci daga wata guda har fiye da shekara. A neme ta ƙarƙashin wuyan riga, cikin aljihu da layin ninki. Alamarta 'yar yana-yana ce manne da yadi, da wani gari-gari mai launin kayan da ta ci.

Lokacin da ta fi samun sarari shi ne tsakanin hunturu da hunturu, kayan sanyin da aka ninke a Maris ba a sake waiwayarsu sai Nuwamba.

4. Kayana duk shadda ne da atamfa, amma na ciro su daga akwati na tarar sun ɓuɓɓule. Wa ya ci su?

Hajiya, a nan kyankyaso ake fara tuhuma, sai gyare, sai ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa, marar fuka-fuki, mai saurin sulalewa, wanda ake gani cikin tsofaffin littattafai. Su ba audugar suka zo ci ba. Sitaci suke bi, da maiƙon miya, da gumi, da tumbuɗin jariri, amma garin lasar waɗannan suna kankare zaren har ya yi siriri ya ɓule. Kyankyaso kan bar baƙin kashi ƙanana da warinsa da kowa ya sani.

Gara ce mai cin audugar kanta, kuma ɓarnarta ta fi kowace muni. Takan shigo ta ƙasa ko ta bango, musamman da damina, ta bar hanyoyin ƙasa a jikin kaya. Akwatin lefen da aka jingina da bangon ƙasa aka manta da shi tana iya gamawa da shi kafin kaka. Ɓera kuwa manyan yagogi yake yi, ya kwashi zaren ya yi sheƙa.

Dokar da nake so kowa ya riƙe ita ce: kada a adana kaya da sitaci a jikinsu. A sa sitaci idan ranar sawa ta matso. Kayan Sallah da na biki, ko sau ɗaya aka sa, a wanke su bushe ƙayau kafin a ninke. A ɗora akwati kan katako ko bulo, a ba shi tazara da bango, kuma robar ajiya mai murfin da ke rufuwa gam ta fi kwali da jakar buhu nesa ba kusa ba.

5. Na tabbatar ƙwari ne. Yaya zan kawar da su?

A fitar da komai daga sif ɗin, har wanda ba a ga ɓula a jikinsa ba, domin ƙwai ba sa ganuwa da sauƙi. Zafi ne ke kashe ƙwai da tsutsa: ruwan da ya kai digiri 50 zuwa 60 na tsawon minti 30 ya isa ga kayan da ke jure ruwan zafi, a bi su da guga mai zafi a kan layin ɗinki da aljihu.

Ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake yi. Irinsa, da alkyabba da darduma, rana ce maganinsu. A sa su a bushe cikin baƙar leda, kada a cusa da yawa, a ɗaure baki, a ajiye a tsakar gida daga hantsi zuwa la'asar, a juya ledar da azahar. A watannin Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram, zafin inuwa kansa na haura digiri 40, na cikin baƙar leda kuwa ya fi haka sosai. Ledar na kuma kare launin kayan daga koɗewa. Firiza ma na kashe su, idan sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifili kuma kayan suka yi aƙalla mako guda a ciki sanyin bai ragu ba, sai dai mai fama da ɗaukewar wuta kada ya dogara da ita.

Sannan a share sif ɗin da buroshi, lungu-lungu da tsagogin katako. In za a fesa maganin ƙwari, a fesa a sif ɗin da babu kaya, a bar shi ya sha iska. Kada a kuskura a yayyafa fiya-fiya a jikin tufafi, guba ce da ke shiga jiki ta fata. Bayan wata guda a sake dubawa.

6. Kafur fa? Tun kakanninmu shi ake zubawa a akwati.

Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa da sunan kafur, galibinsu sinadarin naftalin ne. Tururinsa na kashe asu, amma sai a akwatin da ke rufe ruf inda warin zai taru. Ƙwaya uku a sif ɗin da ake buɗewa safe da yamma wari kawai suke sa wa kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai. Akwai wani rashin sinadari a jini da ake gado, likitoci na kiransa G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman ga 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. Irin wannan jariri idan aka sa masa kayan da suka sha naftalin, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa in ba a yi gaggawa ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin waɗannan ƙwallaye tun 2008. Ga kuma yara masu rarrafe da ke ɗaukarsu a matsayin alewa.

Don Allah kada kafur ya kusanci kayan jariri, zanin goyo, shawul ko kayan mai jego. In an riga an adana su da shi, a wanke a shanya a iska har warin ya fita gaba ɗaya. Jaririn da idonsa ya yi rawaya, asibiti za a kai shi a ranar. Busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ƙulle cikin ƙyalle na ɗan kore ƙwari ba tare da wannan haɗarin ba, amma ba sa kashe ƙwai, don haka ba sa maye gurbin abin da aka faɗa a ta 4 da ta 5.

7. Ina turara kayana da turaren wuta, kuma ina ganin 'yan ƙofofi zagayayyu a mayafi da hijabi. Akwai alaƙa?

Ƙwarai kuwa, 'yar uwa. Gawayi na tartsatsi, musamman wanda ya ji danshi ko bai gama kamawa ba, turaren da aka haɗa da sukari da mai shi ma yana fantsama idan ya hau garwashi. Da rana ba ma a ganin tartsatsin. Yawancin hijabai, mayafai da abayoyin kasuwa yadin roba ne, da wuta ta taɓa shi narkewa yake yi nan take, ya bar huda zagayayya mai bakin tauri da ke karce yatsa. A jikin auduga kuwa bakin ruwan ƙasa yake yi, yana marmashewa.

Ki bari garwashin ya yi ja toka ta lulluɓe shi kafin ki zuba turare. Ki rufe bakin kaskon da ragar ƙarfe. In kabbasa kike amfani da ita, fara shimfiɗa tsohon zanin auduga mai kauri, sannan ki ɗora kayan a kai, ƙamshi zai ratsa, tartsatsi ba zai ratsa ba. Kuma kada ki bar wurin.

Dutsen guga na gawayi ma haka yake yi ta ƙofofin gefensa, musamman idan an fifita shi ko an girgiza kusa da kaya. A fifita shi can gefe, a share gindinsa, sannan a dawo. Masu walda, masu shayi da masu tsire su nemi rigar aiki ta auduga mai kauri, domin roba idan ta narke manne wa fata take yi. Mai girki da hijabin roba a bakin murhu ita ma ta kiyaye wannan.

8. Ni makanike ne. Rigata lafiya lau nake cire ta, amma da an wanke sai ta fito da huji. Me ke faruwa?

Ruwan batir ne. Asid ne mai ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke cikin batirin mota. Ɗigonsa kan bushe a jikin auduga ba a lura ba, yana ƙara ƙarfi yayin da ruwan ke ƙafewa, ya ruɓar da zaren a tsaye. Ranar wanki sai wurin ya zube. Yanzu da batiran sola suka shiga gidaje, ba makanikai kaɗai abin ke samu ba, har mai gidan da ya rungumo batir ko ya ƙara masa ruwa.

Da ka ji ɗigo, cire rigar ka ɗauraye da ruwa mai yawa nan take, sannan ka jiƙa wurin cikin ruwan kanwa. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya, haka take kashe ragowar asid ɗin. Ban da ulu da siliki, su kanwa na lalata su, ruwa zalla za a yi musu. Yadin roba ya fi auduga jure asid, don haka shi ya dace da mai aikin batir, saɓanin mai aikin wuta da aka ambata a ta 7.

9. Wanki kansa na iya huda kaya?

Yana iyawa ta hanyoyi da dama, kuma bilic ne kan gaba, wanda a Nijar ake kira jabel. Idan aka tsiyaya shi kai tsaye kan yadi, ko aka jiƙa fararen kaya a ciki aka kwana, yana cin ƙarfin audugar ko da ba a ga komai a ranar ba. A surka shi cikin ruwa tukuna bisa ma'aunin da ke jikin robar, a jiƙa na 'yan mintoci, a ɗauraye sosai. Ulu da siliki narkar da su yake yi, yana kuma kashe robar da ke sa yadi talewa. Kada a haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne.

A wankin hannu, buroshi mai tauri da murza yadi kan siminti ko dutse su ke cinye wuya da hannun riga. Matsa da ƙarfi na tsinka zaren siraran kaya. Wayar shanya mai tsatsa, da katangar da aka dasa wa kwalba ko ƙusa, sun ɓata kaya ba adadi. Barin kaya kwana da kwanaki a rana ma na raunana auduga.

A injin wanki kuwa, a zuge kowane zif, a maƙale ƙugiyar rigar mama a sa ta cikin jakar raga, a raba jins da siraran kaya, a juya ti-shat ciki ya koma waje, kuma kada a cika injin maƙil. A shafa hannu cikin gangar injin lokaci-lokaci ko akwai abin da ya maƙale.

10. Sabuwar riga ce, wanki ɗaya aka yi ta ɓule. Laifin wa?

Idan ƙofofin na bin layin ɗinki, allurar keken ce ta dakushe ko ta yi wa yadin kauri, tana yanke zare maimakon ta ratsa tsakaninsa. Yadi mai talewa na da allurarsa ta daban, mai kai a mulmule. Ka nuna wa telanka cikin mutunci, canjin allura ba shi da tsada.

Idan kuwa a tsakiyar yadi ne, mai yiwuwa ya daɗe a ajiye. Akwai wani nau'in baƙin rini mai sinadarin farar wuta da ke ruɓar da auduga idan ta jima a wuri mai zafi da danshi, shi ya sa wani baƙin yadin ke yagewa tun yana sabo. Ko a Kantin Kwari kake saye ko a kasuwar ƙauye, ka warware yadin ka ɗaga shi ga haske, ka duba layin ninki, ka ɗan ja gefensa da yatsu. Kayan gwanjo ma haka, kuma kada su shiga sif sai sun bi ta hanyar da aka bayyana a ta 5.

11. Fil ɗin da nake maƙale mayafi da shi yana barin huda. Akwai dabara?

Ki yi amfani da siriri mai tsini wanda bai yi tsatsa ba, ki soka ta ninki biyu, kuma ki riƙa sauya wuri. Ki cire shi kafin wanki. Maƙalin maganaɗisu ya fi, tunda ba ya huda komai, sai dai a nisanta shi da yara don haɗiye shi haɗari ne babba. Ki duba sarƙa, 'yan kunne da zobba ma, ƙaramin kaifi a jikinsu ya isa ya zare zaren gyale.

12. An ce mini in aka ga huda a tufafi haka kawai, sammu ne aka yi wa mutum. Gaskiya ne?

Na san wannan magana na tayar da hankali, kuma ta raba zumunci a gidaje da dama. Abin da zan roƙa shi ne a koma tambaya ta 1 a bi ta a natse. Ƙofofin da asid ko bilic ya yi sukan bayyana ne kwatsam bayan wanki, na tartsatsi kuma a zagaye suke tsaf kamar da gangan aka yi, shi ya sa suke ba da tsoro. Ko yanka mai miƙaƙƙen baki, sau da yawa zif ne, ko rezar da aka manta a aljihu, ko yaron da ya samu almakashi.

Mutum ya yi addu'o'insa na tsari, wannan alheri ne a kowane hali. Amma ɗora wa kishiya, 'yar aiki ko maƙwabciya laifi saboda ɓular riga zalunci ne, kuma Allah Ya gargaɗe mu kan yawan zato a Suratul Hujurati, aya ta 12.

13. Yaya ake ɗinke ƙaramar huda a ti-shat ba tare da wurin ya tattare ba?

Da farko, a ɗinke kafin a wanke. Hudar da ba ta fi ƙwayar gero ba yau, wanki biyu zai mai da ita abin da yatsa ke shiga.

Juya rigar. Samu allura mafi siranta da zare sili ɗaya mai launin rigar, in ba a samu daidai ba wanda ya ɗan fi duhu ya fi ɓoyuwa. Kada ka yi ƙulli babba, soka sau biyu a wuri ɗaya kusa da hudar ya riƙe. Daga nan ka riƙa ɗaukar madaukan zaren da ke bakin hudar, ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, ba tare da allurar ta fita ta fuskar rigar ba. Ja zaren a hankali har bakin ya haɗu kawai. Ja da ƙarfi shi ke kawo tattarewa. In ka gama, tura zaren cikin ɗinkin ka yanke, ka ɗan tale wurin da yatsu, ka bi da guga. Wannan na aiki ga hudar da ba ta wuce rabin santimita ba. Wadda ta fi haka sai faci ko saƙa, kamar yadda ke a ta 15 da ta 16.

14. Ban iya ɗinki ba. Akwai hanyar da ba sai da allura ba?

Je wurin tela ka roƙi guntun farin ƙyallen nan mai gam da suke mannawa a wuyan riga, ka ce marar kauri kake so. Juya rigar, ka matso da bakin hudar da farce har ya haɗu, ka yanki ƙyallen ya ɗan fi hudar faɗi, ka zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago. Ɗora gefen gam ɗin kan yadi, rufe da ƙyalle mai danshi, danna dutsen guga kamar daƙiƙa 10 ba tare da gogawa ba. Yakan saki bayan wanki da yawa, sai a sake.

Sufa gulu kam a'a. Yana ƙandarar da yadi ya karye, kuma idan ya haɗu da auduga yana ɗaukar zafin da ke iya ƙona fata. Telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi ma sun iya irin wannan gyara, kuɗi kaɗan.

15. Shadda ce mai tsada, ko atamfa. Yaya za a gyara ba a gane ba?

Asirin yana wurin zare da ƙyalle, su fito daga jikin yadin kansa. Shi ya sa nake ba kowa shawara ya riƙa karɓar ragowar yadinsa daga tela, ya kuma riƙa jefa guntun cikin wanki lokaci-lokaci don su koɗe tare da rigar. In babu ragowa, a yanko daga cikin kalmasa, bayan aljihu ko ƙugun wando inda riga ke rufewa.

Ƙaramar huda, a zaro zare daga gefen ƙyallen a saƙa wurin da shi, ana bin tsaye da kwance yadda saƙar take. Babba kuwa faci za a sa ta ciki. A atamfa a daidaita zanen ya hau kan zane. A shadda a lura da inda furen da ƙyallinta suka fuskanta, domin facin da aka juya yakan fito fili a rana ko da launi ɗaya ne. In ƙuna ce, a fara datse bakin da ya ƙone da ƙaramin almakashi. Bayan gyara, sitaci da bugu wurin mabuga na taimakawa wurin ya kwanta.

Wani lokaci ɓoyewa ta fi gyara sauƙi. Huda kusa da wuya ko ƙirji, mai aikin surfani zai faɗaɗa aikin ya haɗiye ta. A abaya da mayafi a jera duwatsu ko ɗan fure, a maimaita a ɗaya gefen don ya zama ado. A kaftani ana iya ɗan matsar da aljihu. Tufar da ta kai wannan daraja a kai ta wurin tsohon tela mai haƙurin ɗinkin hannu, keke na barin tabo.

16. Safa da suwaita fa?

Su saƙa ake yi musu, ba a haɗe baki, in an haɗe ƙulli zai dami ƙafa. Tura bayan ludayin duma cikin safar ya tale wurin. Jera zare a tsaye daga gefe zuwa gefe, kana farawa daga inda yadin ke da ƙwari, sannan ka ratsa su a kwance, sama da ƙasa, har ƙofar ta cike. Ga suwaita a nemi zaren ulu mai kaurin nata. Wanda safarsa ke ɓulewa a babban yatsa kullum, ya duba farcensa da cikin takalminsa.

17. Ya halatta in yi salla da tufa mai huda? Kuma ba abin kunya ba ne sa riga mai faci?

Hudar da ba a kan al'aura take ba ba ta taɓa salla. Wadda ke kan al'aura, malamai sun yi bayaninta dalla-dalla gwargwadon girma da wuri, sai a tambayi malami, amma mafi sauƙi a ɗinke ko a sa wata tufar a ciki. A riƙa duba bayan wando da tsakanin cinyoyi, domin irin wannan ba ta bayyana sai a ruku'u da sujada.

Batun kunya kuwa, an ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa da hannunsa, yana gyara takalminsa. Imamu Malik ya ruwaito cewa Anas ɗan Malik ya ga Sayyidina Umar, yana shugabancin Musulmi, da faci uku tsakanin kafaɗunsa. Ni a ganina tufa mai tsabta da aka gyara da kyau ba ta rage wa kowa daraja, balle a wannan tsadar yadi.

18. Yaushe zan haƙura da gyara?

Kama yadin da manyan yatsunka biyu, ɗan nesa da hudar, ka ja a hankali. In ya tsaya, gyara zai riƙe. In ya buɗe ko ka ji zare na tsintsinkewa, yadin ya mutu, duk ɗinkin da aka yi gefensa ne zai sake yagewa. Haka abin yake ga kayan da bilic, asid ko rana suka cinye ko'ina.

Irin wannan a yanke inda ke da sauran ƙwari. Babbar riga na fitar da kaftanin yaro, zani na fitar da rigar matashin kai ko ƙyallen faci, ti-shat ɗin auduga kuma ta fi komai kyau wajen goge-goge. A cire maɓallai da zif a adana. Wanda za a bayar sadaka kuma a wanke shi, a ɗinke hudar tukuna, in ƙwari ne suka taɓa shi a bi da shi ta rana kamar yadda ke a ta 5, don kada a kai wa wani gida asu.